Coci Huɗu a Bayan Babur

Tun da na dawo ba ni da sakat. In na shiga ofishin malamai, sai a ce wai da gaske ne na cire hula a coci? In na zauna wajen mai shayi, wani zai matso ya ce in ba shi labarin jandarman Nijar. Har limaminmu ya tare ni bayan La'asar, wai shi ba tsegumi yake yi ba, ƙishin-ƙishin kawai ya ji. To, na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ɗauki labarin sai ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, ina koyar da addinin Musulunci a wata makarantar sakandare a nan Gumel. Shekara shida ke nan ina jan digiri na biyu a wata jami'a a Kano, fannin nazarin addinai, kuma kundin da nake rubutawa a kan ɗarikun Kirista ne na ƙasar Gumel. Ba don ina son batun na zaɓe shi ba. Gani na yi zai yi sauƙi, tunda Kiristocin namu ba su da yawa. Na zauna a ɗakina na harhaɗa babi na huɗu daga littattafai, na rubuta cewa Kiristocin yankin nan tafiyarsu ɗaya ce, Lahadi suke ibada, kuma duk shugabansu ɗaya.

Farfesan da ke duba aikin mutum ne gajere marar yawan magana. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau, ya tambaye ni coci nawa na taɓa shiga. Na ce kullum ina wuce guda ɗaya a hanyar makaranta. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce jami'a ba ta san shekara ta bakwai ba. Ya ba ni zuwa Litinin ta sama in kawo hira da shugabannin ɗariku huɗu mabambanta, kowanne da sa hannunsa, in ba haka ba a soke sunana. Har na kai ƙofa ya kira ni.

"Malam Habu, aikinmu ba faɗar mai gaskiya ba ne. Ka rubuta mutum yadda in ya karanta zai ce, e, ni ne wannan."

Na ce to, amma raina yana wajen Maman Sadiya. Matar nan sau biyu tana fitar da ankon bikin digirina. Na farkon har ya yi wa ƙanwarta kaɗan. Da na gaya mata yadda muka yi da Farfesa, cewa ta yi in aka kore ni, ita dai sai ta sa ankonta, ko da raka ni makaranta ne ranar Litinin.

Ba ni da abin hawa, kuma ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba, sai na nufi Markus. Markus mai walda ne, mutumin Filato, shagonsa a jikin katangar gidana yake, shekara goma sha tara muna tare. Matarsa da tawa kwano ɗaya ke yawo tsakaninsu. Na daɗe ina tsokanarsa, don ranar Lahadi da 'yan'uwansa ke tafiya coci shi yana nan yana tartsatsin wuta, ranar Asabar kuma shago a rufe, ya goya matarsa a babur tun da sassafe, sai yamma su dawo da ɗan buhu a baya. Ni dai na yanke cewa ƙauye suke zuwa sayen hatsi mai araha. Na same shi yana haɗa ƙyauren wani, na ce masa Kiristoci na gaske nake nema, masu zuwa coci. Na ce shi dai na san ba ruwansa da ibada, amma ai ya san inda suke, ya daure ya kai ni. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni har na fara tsarguwa, sannan ya ce, "To, Malam."

Ranar Lahadi muka fara da cocin Katolika na cikin Gumel. Markus ya ajiye ni a ƙofa ya koma gindin dogon yaro ya zauna. Ni kuma na yi abin da duk ɗan mutunci ke yi a ƙofar wurin ibada, na tuɓe takalmina na jera su a gefe, na gyara zaman hulata, na shiga. Ban yi taku biyar ba wani dattijo mai jar ɗamara ya biyo ni da sauri riƙe da takalman, ya ajiye mini a gabana, sannan ya nuna kaina cikin ladabi. Sai a lokacin na duba. Kowa da takalminsa, kuma ba namiji ko ɗaya mai hula.

Jama'a, ina da sanƙo. Shekara goma sha biyu ba wanda ya gan shi daga Maman Sadiya sai wanzami. Na tsaya ina shawara da zuciyata, na tuna Farfesa, na tuna anko, na cire. Fanka na kaɗawa a saitin kaina, na ji wani sanyi da ban taɓa ji ba. Daga nan aka shiga tashi da zama da durƙuso, ni kuma kullum ina baya, in sun tashi ina zaune, in na miƙe sun durƙusa. Da aka yi layi zuwa gaba, na ɗauka gaisuwa ake kai wa Fada, na miƙe zan bi. Wata tsohuwa ta kama gefen babbar rigata ta zaunar da ni, ta raɗa mini cewa wannan gurasar ta 'yan gida ce kawai.

Bayan an tashi Fada ya karɓe ni a ofishinsa. Matashi ne mai fara'a, Hausa a bakinsa tas. Ya yi mini bayanin Fafaroma da ke birnin Rum, da bishop da ke ƙarƙashinsa, da yadda suke yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addininsu, da yadda suke ganin tasu ce uwar da sauran suka fita daga cikinta. Da ya ce shi ba shi da mata, bakina ya riga hankalina, na ce Allah ya kawo ta gari. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce kada in sa shi a uku, su ba sa aure har abada. Ya sa mini hannu. Ɗaya ke nan.

A nan na tafka kuskuren da ya bi ni har ƙarshen tafiyar. A wajenmu, in za ka shiga ƙauyuka da wani aiki, hakimi kake fara gani, ya ba ka takarda, dagatai su karɓe ka hannu biyu. Na duba ginin cocin nan, na duba rigar Fada da hatiminsa, na ce lalle wannan shi ne babban limamin Kiristan ƙasar Gumel. Na roƙe shi takarda zuwa ga sauran. Ya ce takardarsa ba za ta amfane ni ba. Na ce a raina, ka ji manya, tawali'u ke nan. Na nace har ya rubuta layi biyu ya buga hatimi mai gicciye. Da na fito na nuna wa Markus, ya ce da na bar ta a aljihu. Na ce masa wanda ko ƙofar coci bai shiga ba, shi zai koya mini yadda ake bi da manyan coci?

Ranar Talata muka nufi wani ƙauye a bayan Gagarawa, inda aka ce akwai Hausawa manoma Kirista. An kwana ana ruwa. Muna barin kwalta babur ya fara rawa, a wani kwazazzabo ya kwanta da mu gaba ɗaya. Markus ya tashi yana duba fitila, ni kuwa ba wanda ya duba ni, ga farar babbar rigata rabinta ta koma ja. Haka muka shiga ƙauyen, mata na yi mana sannu suna rufe baki da mayafi.

Faston ba ya gida, yana gonar riɗi. Fasto Ayuba sunansa, Bahaushe ne tsamurarre, da fartanya a kafaɗa, in ka gan shi a kasuwa ba abin da zai raba maka shi da ladaninmu. Tun daga kunyar farko na cire hula, tunda na koyi darasi, na russuna na miƙa masa takarda hannu biyu, na ce babban limaminsu na Gumel ne ya aiko ni. Ya karanta, ya ninke ta yadda take, ya miƙo mini.

"Malam, limamin su wa?"

Wannan tambayar ta ci mini awa guda a tsaye. Ya fara tun daga shekara ɗari biyar da suka wuce, lokacin da wasu a Turai suka ce ba su yarda wani mutum ya tsaya tsakaninsu da Littafi Mai Tsarki ba, suka ɓalle. Ya ce su 'yan bishara ba su da Fafaroma, ba sa yi wa jariri baftisma sai mutum ya yi hankali ya ce yana so, sannan a nitsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Ya ce shi da matarsa da 'ya'ya bakwai, kuma bai ga aibin haka ba. Bai zagi Fada ba, ya ce ma suna gaisawa a wajen jana'iza, amma ba ya karɓar umarninsa ko na ɗaga tsinke. Duk wannan rana na dukan tsakar kaina, ina rubutu da hannu ɗaya, hula a hammata. Sai da ya gama ya ce, af, Malam, mayar da hularka mana, nan ai gona ce.

Fushin nasa bai kai gida ba. Matarsa ta kawo tuwon gero da miyar kuka mai daddawa, na ci har na ji kunya. Gaisuwarsu tamu ce, kukansu na tsadar taki namu ne, har tsohuwar gidan ta yi mini addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Aka kawo goro, na ɗauka, Markus ya ce ya gode. Da Fasto ya buɗe mini cocin in gani, Markus ya tsaya a waje yana goge babur. Biyu ke nan.

A hanyar Maigatari ranar Laraba na kasa haƙuri. Na ce masa wai shi wane irin mutum ne, ga coci a buɗe ba zai ko leƙa ba, ai coci coci ne, kamar yadda matafiyi ke tsayawa a duk masallacin da lokaci ya same shi. Bai juyo ba, ta cikin iska ya tambaye ni me ya sa nake wuce masallacin ƙofar gidanmu kullum in tafi na bayan kasuwa. Na ce wannan daban ne, su na ƙofar gida hannu suke saki a sallah. Ya ce to. Can muka fara hango manyan motoci.

Maigatari a jajibirin kasuwa ba wurin mai farar riga ba ne. Shanu na shigowa garke-garke, raƙuma sun tare hanya, 'yan kamasho na ihu, kowa da waya a kunne yana ciniki da wanda ba ka gani. Cocin da muke nema yana bayan tasha, na masu fararen riguna, suna da ibadar yammacin Laraba. Tun daga nesa ake jin ganga da ƙararrawa. Yanzu kam na zama gwani. Na cire hula na cusa a aljihu, na buga takalmina a ƙasa don laka ta zube, na shiga da ƙarfin gwiwa har tsakiya.

Wata mata mai jiki ta ƙwalla ƙara da Yarbanci, ganga ta tsaya cak. Na duba ƙasa, kowa ƙafarsa tsirara. Ashe takalman suna tsibe a ƙofar gefe, ban gani ba. Na duba gaba, ga shugabansu da wata hula da ta fi tawa tsawo sau biyu. Na koma da baya ina ba da haƙuri, na tuɓe, na dawo ba hula ba takalmi kamar wanda aka yi wa fashi a hanya.

Baba suke kiransa, Bayarabe ne mai sayar da kayan gyaran mota, ya haura shekara talatin a garin. Ya ce tasu ɗarikar ba daga Turai ta zo ba, a ƙasar Yarbawa aka fara ta wajen shekara ɗari da suka wuce, da mutanen da suka ga cewa addu'a da azumi da mafarki suna da wurin da cocin Turawa bai ba su ba. Da na tambayi zancen takalmi, ya ce ai na fi shi sanin abin da aka ce wa Annabi Musa a wuri mai tsarki. Gaskiya na ji daɗin wannan amsar. Daɗin ne ma ya ruɗe ni na fito da takardar Fada. Ya karanta ya yi dariya har da hawaye, ya kira mutum biyu ya karanta musu, su ma suka yi. Ya ce don ni baƙo ne zai sa hannu, ba don wannan ba. Ya so ya yayyafa mini ruwan da suka yi wa addu'a saboda hanya, na ce na gode, ina da alwala. Ya ce to bari a yayyafa wa babur, Markus ya tura abinsa gaba kaɗan. Uku ke nan.

Wajen cin abinci na sa aka zubo mana farfesun tarwaɗa, don in faranta wa Markus. Ya ce shi wake zai ci. Na ce rowar ciki ce ke damunsa, na cinye kwano biyun. Masaukinmu zauren wani dillalin shanu ne, mu goma sha ɗaya da fataken Damagaram a kan tabarma uku. Kwanan ba shi da labari, abin da zan ce kawai sauron Maigatari ma ɗan kasuwa ne, ba ya barin baƙo ya wuce.

Fataken ne suka ce mini akwai coci a tsallaken iyaka, tafiyar rabin awa. Na ce shi ke nan, na huɗu ya samu, har da ƙarin ƙasar waje a kundina. Da safe muka bi ayarin babura. A shingen Nijar wani jandarma ya karɓi katinmu, ya ce me ke tafe da mu, na miƙa masa takardar Fada don ba ni da wata. Ya dubi gicciyen hatimin, ya dubi tabon sallar da ke goshina da carbin hannuna, ya dubi Markus. Ya tambaya a cikinmu wane ne faston. Na ce babu. Ya ce to wane ne Kiristan? Na nuna Markus, na ƙara da cewa amma ba ya zuwa coci, ni ne mai zuwa. Mutumin ya kira abokan aikinsa biyu su zo su ji. Daga ƙarshe babbansu ya fito, wani Alhaji mai furfura, ya ga hatimin ya washe baki, ya ce a lakwal ɗin su Fada, wato makarantarsu ta boko, ya yi karatu yana yaro. Ya kira ni mushe, wato malam a Faransancinsu, ya sa aka ɗaga mana sanda. Duk tafiyar nan, wurin da takardar Fada ta yi aiki ke nan, a hannun Musulmi.

Faston can ya karɓe mu da shayi mai kumfa da dogon burodin nan nasu mai tauri. Na buɗe littafi na fara tambaya. Fafaroma? Babu. Baftismar jarirai? Babu. Aure? 'Ya'ya shida. Na ajiye biro. Na ce ko ya san wani Fasto Ayuba a ƙasar Gagarawa? Ya tafa hannu ya ce ai makarantar Littafi ɗaya suka yi, gado ɗaya suka kwana. Farfesa kuwa ɗariku huɗu mabambanta ya ce. Na roƙi bawan Allahn nan ko akwai wani ɗan abu da ya saɓa da Ayuba a kai, ko yaya yake. Ya yi tunani ya ce Ayuba ya fi shi son barkono. Da ya ga idona ya kawo ruwa, ya ce akwai wasu 'yan gidaje a bayan Ɗanzomo, ƙasar Sule Tankarkar, su kam daban suke da kowa. Ya buɗe baki zai faɗi yadda suka bambanta, ni kuwa har na kai bakin babur.

Ranar Juma'a bayan an sauko na ce wa Markus gobe Asabar sai Ɗanzomo, mu gano wurin mu sanar da shugabansu, Lahadi mu koma ibada. Ya ce gobe ba zai samu dama ba. Nan fa na fashe. Na ce shekara goma sha tara muna tare, yau digirina na rataye da zare, shi kuma hatsin ƙauye ya fi masa maƙwabcinsa. Na faɗi maganganu, har da cewa mutumin da ba ya tsoron Allah ba zai san haƙƙin maƙwabtaka ba. Ya bari na gama, ya ce jibi da safe zai kai ni. Ya dubi rana, ya tattara kayansa ya rufe shago tun kafin ta faɗi, kamar yadda yake yi kowace Juma'a. Asabar ɗin nan na yini ina zagaye a tsakar gida, Maman Sadiya kuma ta fito da anko tana shanyawa a igiya, wai kada ya yi warin akwati.

Lahadi da hantsi muka wuce Sule Tankarkar, muka wuce Ɗanzomo, muka saki hanya muka shiga tsakanin gero da ya fi mu tsawo. Mararraba uku muka wuce Markus bai tambayi kowa hanya ba, ni kuma fushi bai bar ni na lura ba. Muka tsaya a gaban wani ɗan ginin ƙasa mai rufin kwano. Ƙofa a rufe da kwaɗo. Na ce ba su iso ba tukuna. Ƙarfe tara ta yi, goma ta yi, ba kowa sai kaji. Na zauna a dakali. Gobe Litinin. Shekara shida, da laka, da sanƙon da na nuna wa duniya, duk sun tashi a banza saboda sa hannu ɗaya. Wallahi na ji kamar in yi kuka.

Sai ga wata tsohuwa da ƙunshin itace a ka. Ta wuce ni ta nufi Markus, ta sauke kayan ta russuna.

"Dattijo, lafiya ka dawo yau? Ko mantuwa ka yi jiya?"

Na ce mata, Iya, shugaban cocin nan nake nema, kuma me ya hana mutane zuwa yau? Ta dube ni kamar na tambaye ta ina rana take fitowa. Ta ce su ai jiya suka yi sujada, ranar Asabar suke yi. Shugaba kuwa, ta nuna shi da haɓa.

Markus ya zare makullin babur. A jikin zoben nan da na yini bakwai ina kallo yana lilo a gabana, akwai wani ɗan ƙaramin makulli. Ya sa shi a kwaɗon, ya buɗe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan hula, ido a kan takalmi, na ce nan kuma me ake cirewa? Ya ce yau ba kowa, in bar duka.

Benci biyar ne a ciki, shi ya haɗa ƙafafunsu da hannunsa. Ya zauna a ɗaya na zauna a ɗaya, na buɗe littafi. Ya ce su masu kiyaye Asabar ne, a Amurka aka fara tafiyar tasu, ba ta kai shekara ɗari biyu ba. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar ba sa aiki, ba sa ciniki, don ita ce ranar hutun da aka ambata a dokoki goma. Ba sa shan giya ko taba, ba sa cin goro, ba sa cin alade, ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo. Na tuna kwano biyun tarwaɗa, na sunkuyar da kai. Gida bakwai ne a nan, ba su da fasto zaunanne, shi ke ja musu sujada tun kafin a haifi Sadiyata. Buhun da nake gani kuwa, abin da tsofaffin nan ke cusa wa matarsa ne in za su taho.

Na ce, Markus, don Allah me ya sa ba ka gaya mini ba tun ranar farko?

"Ba ka tambaye ni ba, Malam. Gaya mini ka yi ko ni wane ne, sannan ka ce in tayar da babur."

Na sha jin kunya a tafiyar nan, amma duk ta hula da takalmi ce. Wannan ita ce ta shiga ƙashina. Mutumin da ya riƙe mini fitila ranar da aka yi jana'izar mahaifiyata, shekara goma sha tara ina ce masa marar ibada a gaban mutane, yana murmushi. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, in kawo takardar ya sa hannu kafin in sake rasa wani abu. Na miƙa masa. Sai ya ce, ni ba ka fara miƙo mini ta babban limaminmu ba. Muka yi dariya har tsohuwar ta leƙo.

Farfesa ya karɓi sa hannu huɗun ranar Litinin, ya juya su gaba da baya, ya tambaye ni a ina na samo na huɗun, don su da wuyar samu a wannan yanki. Na ce a jikin katangar gidana. Ya ce tun yaushe? Na faɗa masa. Ya mayar da tabaransa, ya ba ni wata guda in sake babin.

Da na gama, kafin in kai Kano, sai na kai wa Markus shafukan da suka shafe shi. Ya goge hannunsa, ya zauna a kan tsohon ƙyaure ya karanta a hankali yana bi da yatsa, ya gyara mini wuri biyu. Ya miƙo mini ya ce, "E, ni ne wannan."

Anko dai an sa shi, ƙanwar Maman Sadiya ma an buɗa mata nata da ya yi kaɗan. Asabar ɗin da ta wuce ƙafar murhunmu ta ɓalle, Maman Sadiya ta ce in leƙa ko Markus bai fita ba tukuna ya ɗan liƙa mana. Na ce ta dafa a na gawayi, a bar shi sai gobe.